Wa ke yanke wa jirgi lokacin fara gangara, matuƙi ko kwamfuta?

Bakaniken Mabera:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, ku yi man haƙuri in ta yi tsawo.

Ni sana'ata gyaran janareto da injin ban-ruwa, shekara 22 ke nan. Kunnena shi ne jarina, ko ina cikin ɗaki in inji ya canza murya ina ji. Satin da ya wuce na je Abuja sayen kayan gyara, maigidana ya ce kada in biyo hanya, ya yanka man tikitin jirgi zuwa gida. Munka tashi lafiya, anka raba ruwa da biskit. Ban ko gama da biskit ɗin ba sai na ji injin ya yi laƙwas, awa an zare ƙafa daga totur an bar shi silo. Na duba agogo, saura wajen minti 25 ga lokacin da anka ce za mu sauka. Na leƙa taga, ba gari ba alamar gari, daji sai hazo. Dattijon da ke kusa gare ni ya kama kalmar shahada a hankali, ni ma na bi bayanshi. Kun san halinmu mutanen Sakkwato, tun hatsarin 2006 da ya ci Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙanshi da rahama, ko tari jirgi ya yi sai gabanmu ya faɗi.

Can kuma sai wasu fale-falen ƙarfe sunka miƙe tsaye bisa fiffike, jirgi ya kama kyarma na ɗan lokaci, sannan sunka kwanta. Dab da ƙasa injin ya sake ɗaukar wuta, munka sauka lafiya lau.

Wani yaron maƙwabcinmu ya ce man wai kwamfuta ke yin komai, matuƙa shayi kawai suke sha. To wa ke cewa yanzu a fara sauka? Mi ya sa tun daga wanga nisa? Kuma in don tsimin mai anka rage wuta, mi ya kawo taka birki a sama, sannan a zo a sake ba da wuta? Ni a shagona in yaro ya yi man haka da injin mutane, ɓarnar mai zan kira ta.

Tsohon Direban Tirela:

Wa alaikumussalam. Yaro, ai wagga ba ta buƙatar malami. Firi ya sa maka. Shekara 30 ina sauka Hawan Kibo da lodin albasa, babu direban da ka taka totur a gangara. Bambancin kawai mu in ka sa firi a Kibo ka gama yawo, da giya ake riƙe mota. Kuma mai nauyi ya fi saurin gangarowa, ina jin jirgin naku cike yake maƙil shi ya sa ya taka birki.

Ɗan Runjin Sambo, mataimakin matuƙi:

Wa alaikumussalam Yaya Bakanike. Baba Direba, barka da hutawa. Ni a Zariya na koyi tuƙi, yanzu ina zama kujerar dama a Boeing 737, kuma hanyar nan ta Abuja zuwa gida na bi ta ba adadi. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba Yaya, silo ɗin ka ji. Amma silo ba mutuwa ba ce: cikin injin yana juyawa da fiye da rabin gudunsa, shi ke ba mu lantarki da iskar da kuke shaƙa a ciki, kuma da an tura totur zai amsa.

Tsakanin kujerunmu biyu akwai ɗan allo mai madannai, da shi muke magana da kwamfutar tafiyar jirgi, wadda ake kira FMS. Tun farkon shekarun 1980, zamanin Boeing 767 da Airbus A310, ta zama ruwan dare a manyan jirage. Aikinta kashi biyu ne. Akwai na bin hanya, dama da hagu, zango bayan zango, shi ne LNAV. Akwai na hawa da gangara da gudu, shi ne VNAV, kuma a kansa tambayarka take. Na farkon mai sauƙi ne, layi ne a kan taswira. Na biyun shi ne mai gardama, don ya dogara da abubuwan da ke canzawa kowace rana.

Tun muna ƙasa a Abuja muke ciyar da ita. Nauyin jirgi da fasinja da kaya, yawan kananzir, bisan da za mu yi tafiya a kai, iskar da masu hasashe suka ce za mu tarar a kowane mataki, sai wata lamba da kamfani ke ba mu wadda ni nake kira lambar tsimi. A jirginmu daga 0 take zuwa 500. Ma'anarta: wanne ya fi tsada yau, mai ko lokaci? In ƙarama ce jirgi zai tafi a hankali ya lallaɓa mai, ya fara gangara da wuri. In babba ce zai zuba gudu, ya jinkirta gangara, sannan ya sulalo da kaifi.

Ga inda abin yake da daɗi. Kwamfutar ba daga sama take fara lissafin sauka ba, daga ƙasa take farawa ta yi baya-baya. Sai ta tsaya a bakin titin sauka na filin Sultan Abubakar III, wanda ke bisa teku da ƙafa 1,000 da 'yan kai, ta ce nan nake so taya ta taɓa. Daga nan ta ja layi sama da karkatar digiri 3, wato ƙafa 300 da ɗoriya a kowane mil, har zangon da ake shiga layin titi. Ta ware wurin rage gudu don a buɗe ƙarin fiffike a sauke tayoyi. Ta ci gaba da baya, ta bi ta kowane zangon da taswira ta kafa wa sharaɗi, wani a ce kada ka wuce shi ƙasa da bisa kaza, wani a ce kada ka wuce shi sama da kaza. A ƙafa 10,000 ta sake ware 'yan milamilai, don ƙa'idar da aka saba a yawancin ƙasashe ita ce ƙasa da nan ba a wuce gudun not 250, wato mil 250 na teku a awa guda. Daga nan sai ta tambayi kanta: in injin yana silo, da wannan nauyi da wannan iska, wane irin gangare jirgin zai yi? Ta bi wannan gangaren har ya haɗu da bisan da muke tafiya. Inda suka haɗu, nan ne bakin gangara. Sai ta ɗiga mana ɗan kore a allo da haruffan T/D.

Mu ma muna da lissafinmu na ka, kuma duk wanda ya wuce ta hannun malaman Zariya ya sha shi: mil 3 na teku ga kowace ƙafa 1,000. A ce muna ƙafa 30,000. Cire 1,000 ta Sakkwato, saura 29. Sau 3, 87. Ƙara wajen 10 na rage gudu, ka kusa mil 100, wato kilomita 185. Kusan nisan Gusau ke nan daga gida in tsuntsu ne zai tafi. Tafiyar gaba ɗaya ba ta kai kilomita 500 ba, ka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku gangara ce. Shi ya sa ba ka gama biskit ba. Ni kullum sai na yi wannan lissafin na gwada da nata, in mun saɓa da yawa to ɗayanmu an ba shi labarin ƙarya, kuma sau da yawa yatsan da ya danna lambobi ne mai laifi.

Baba, a nan zan ɗan saɓa maka, ka gafarce ni. A tirela mai lodi ya fi saurin gangarowa. A jirgi, in gudun ɗaya ne, mai nauyi ya fi nisan sulalawa, don haka shi ake fara saukewa da wuri. Nauyin nan shi ne ke tura shi gaba maimakon inji. Jirgin da babu kowa ciki, shi ne ke faɗowa da kaifi. Na daɗe ina jayayya da wannan a raina kafin in gan shi da idona.

Yanzu wa ke yanke hukunci? Kwamfuta shawara take bayarwa. Sararin samaniya ba gonar gado ba ce, sai masu kula da zirga-zirgar jirage sun ba mu izini. A gabanmu akwai wata 'yar taga da muke murɗa lambar bisan da aka yarje mana, kuma VNAV ba ta tsallake wannan lambar ko da lissafinta ya ce a sauka. In mun kusa bakin gangara ba mu murɗa ba, sai ta rubuto mana RESET MCP ALT, wato ku sauke lambar nan. In mun murɗa, Boeing da kanta za ta ja totur baya ta sunkuyar da hanci daidai ɗigon. Airbus kuwa ko ka murɗa ba ta motsi sai ka tura maɓallin ciki. Su ƙa'idarsu, ka tura ka ba jirgi, ka jawo ka karɓa a hannunka.

Batun birkin da ya ɓata maka rai. Hanyar da kwamfuta ta zana, a silo ta zana ta, kuma ƙasa da silo babu sauran abin ragewa. To a ce izini ya makara da minti 2, muna cin mil 7 a kowane minti, mun wuce ɗigon da mil 14, mun fi inda ya kamata bisa da ƙafa 4,000 da wani abu. Ko a ce iskar baya ta fi wadda aka yi hasashe. Lokacin hunturu ma iskar ƙasa daga arewa maso gabas take, ta can sama kuwa sau da yawa daga yamma, kana saukowa tana juya maka. Ko mai kula da zirga-zirgar jirage ya yanke mana hanya ya ce ku miƙe kai tsaye, milamilan da muka yi tanadi su tafi. A duk waɗannan jirgi yana da bisa fiye da hanyar da ta rage masa.

Abu biyu kawai kwamfuta za ta iya da hancin jirgi, kuma ba ta iya su a lokaci guda. Ko ta riƙe layin gangara ta bar gudu ya yi yadda ya so, allo ya nuna VNAV PTH. Ko ta riƙe gudu ta saki layin, allo ya nuna VNAV SPD. In tana bin layi da iskar baya, sai ta ƙara sunkuyawa, gudu ya yi ta hawa. Da ya haura abin da aka tsara da not 10 sai ta rubuto DRAG REQUIRED, ma'ana ni na kai iyakata, ku ja mini birki. Hannun mutum ke jan sandar birkin, fale-falen nan su miƙe su ɓata iskar da ke bin fiffike. Kyarmar da ka ji ke nan. Kuma gaskiyarka, ɓarna ce. Man da aka ƙona aka hau bisa, shi ake zubarwa a iska. Duk ranar da na sauko daga bakin gangara har layin titi ban taɓa sandar nan ba, ban kuma ƙara wuta ba, har cikin raina nake jin daɗi, ko da babu wanda ya sani sai kyaftin.

Wutar ƙarshe kuwa ba kuskure ba ce, da gangan ne. In an sauke tayoyi an buɗe fiffike duka, jirgi ya zama kamar mai gudu da babbar riga a iska, dole a ba shi wuta ya riƙe wajen not 140 yana sauka ƙafa 700 a minti. Kuma muna son injin ya kasance a farke, don in saniya ta shigo titi ko hazo ya rufe, mu tashi nan take. Injin jet daga silo zuwa cikakkiyar wuta yana ɗaukar 'yan daƙiƙu, kusa da ƙasa kuwa daƙiƙa tsada gare ta.

Shayin kuma muna sha, ka gaya wa yaron. Amma ba a gangara ba.

Malama Mai Awon Yanayi:

Sannunku. Ƙanena Ɗan Runjin Sambo ya yi bayani, amma ya tsallake lambar da mu muke ba su, kuma ita ce ta fi hana ni barci.

Kwamfutar nan ba ta ganin ƙasa. Bisan da take aiki da shi a gangara daga nauyin iska take samo shi: kana hawa iska tana sauƙi, agogon bisa yana fassara wannan zuwa ƙafa. A can sama kowa lambar nauyin iska ɗaya yake sa wa agogon, wato 1013, don a yi awo da mudu ɗaya. In an sauko kusa sai a koma lambar filin da za a sauka, wadda ake kira QNH, mu muke auna ta, hasumiya ta karanta wa matuƙi, shi ya maimaita ya murɗa. Kuskuren lamba 1 kusan ƙafa 28 ne.

Ranar 23 ga Mayun 2022, wani Airbus A320 da ya taso daga Stockholm yana sauka Paris ana ruwan sama. Lambar gaskiya 1001 ce, aka karanta musu 1011. Bambancin 10, wato wajen ƙafa 280. Suna bin irin saukar nan da kwamfuta ke zana layin da kanta daga nauyin iska. A allonsu komai daidai, suna tsakiyar layi cif, alhali layin gaba ɗaya ya nutse. Ba su ga titi ba suka fasa sauka, kuma binciken hukumar Faransa ya nuna saura ƙafa 6 su taɓa ƙasa, kusan mil guda kafin titin. Ƙafa 6, tsayin mutum. Kwamfutar ba ta yi kuskuren ko sisi ba, abin da aka ba ta ta dafa. Da saukar ILS ce, wadda layinta siginar rediyo ce da ke tasowa daga ƙasa, da layin bai motsa ba.

Sai zafi, wanda namu ne na gida. Agogon bisa an gina shi a kan cewa digiri 15 ake a bakin teku, a bisan Sakkwato kuwa 13. Wa ya taɓa ganin 13 a Sakkwato da azahar a watan Afrilu? Sai dai 43. Iska mai zafi buɗewa take, kowane digiri 10 na ƙari yana sa jirgi ya fi abin da agogo ke nunawa bisa da kusan kashi 4 cikin 100. Ƙarin 30 ya kai wajen kashi 12, gangaren digiri 3 ya koma 3.3 da ɗoriya. Mu dai zafinmu sama yake ɗaga jirgi. Na ƙasashen sanyi ƙasa yake jan shi wajen duwatsu, shi ya sa taswirar irin wannan saukar take ɗauke da iyakar sanyin da ba a yarda a bi ta ba in an wuce shi.

Ɗan Runjin Sambo, mataimakin matuƙi:

Na karɓi gyara, Yaya Malama. Tun da labarin Paris ya fito, in hasumiya ta ba ni lamba sai na gwada ta da wadda ke rubuce a rahoton yanayin da muka taso da shi. Tsakanin Abuja da gida awa guda ce, ba yadda za a yi ta yi tsallen 10. Zafin kuma ina ganinsa a fitilun gefen titi: da rana tsaka a bazara allo na cewa muna kan layi, fitilu na nuna mun ɗan yi sama.

Bakaniken Mabera:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Wato abin awa gwamnan janareto ne, shina riƙe abin da ka saita mai, in ka saita karkace ya riƙe maka karkace da gaskiyarshi. Na gane wannan.

Ƙarin tambaya ɗaya. Inna ta je aikin Hajji daga nan filin namu, ta dawo tana ba da labarin cewa cikin dare, an yi nisa kowa ya yi kwana, sai injin ya ɗauki ƙara jirgi ya sake hawa, bayan ɗan lokaci ya lafa. Ta ce sau biyu anka yi haka. Mun ce mata mafarki ta yi, har yau tana jin haushinmu.

Ɗan Runjin Sambo, mataimakin matuƙi:

Ku je ku ba Inna haƙuri, idonta biyu. Jirgin alhazai yana tashi da nauyi ƙwarai, ga mutane ga kaya ga man tafiyar kusan kilomita 3,700 zuwa Jidda. Da wannan nauyin ba zai iya kaiwa bisan da ya fi tsimi ba tun farko. Yana tafiya yana ƙona tan-tan na kananzir yana sauƙi, kwamfuta kuma tana nuna lambobi biyu da ke hawa a hankali: bisan da ya fi dacewa da nauyin yanzu, da iyakar bisan da jirgi zai iya kaiwa. Har wurin da ya kamata a ƙara hawa takan ɗiga a allo. Amma nan ma sai an roƙi izini an murɗa 'yar tagar nan.

Hawan kuma mataki-mataki ne saboda an raba sama kamar layin titi. Mai tafiya gabas yana kan mara: 35,000, 37,000, 39,000. Mai zuwa yamma yana kan cika: 36,000, 38,000. Tazarar ƙafa 1,000 tsakanin mai zuwa da mai dawowa, tsarin da Afirka ta shiga a watan Satumbar 2008. Don haka in za a hau, ƙafa 2,000 ake tsallakawa a tashi ɗaya. Sau biyun da Inna ta ƙirga, ina jin daga 35 zuwa 37 ne, sannan 39. Wata rana kuma a roƙa a hana, don akwai wani jirgin a saman, sai ka zauna ƙasa kana kallon mai yana tafiya.

Tsohon Direban Tirela:

To na ji, mai lodi ya fi nisa, na bar maka wagga tunda kai ka gani. Amma batun lambar da anka karanta ba daidai ba, mu ma mun san ta. Yaron mota ya taɓa ce man taya ta sha iska, ban sauka na buga da ƙarfe na ji ba, sai da munka kwana biyu a daji tsakanin Koko da Yawuri.

Bakanike, in za ka sake hawa ka roƙi kujerar bayan fiffike, ka ƙirga muna sau nawa anka ja birkin.